Yadda Aka Musanya Maraɗi da Kifi: Gasar Manyan Ƙasashe da Abin da Ta Bar Mana

Tun ranar 26 ga Yuli, 2023 da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, hirar majalisunmu ta canja. Wannan ya ɗauki Faransa yana zagi, wancan ya ɗauki Rasha yana yabo, kai ka ce musun ƙwallo ake yi. Wasu kuma cewa suke yi, mu da ke nan Fadan Kaje, ina ruwanmu da abin da ke faruwa a bakin hamada? To akwai ruwanmu, kuma ba yau aka fara ba. Gasar manyan ƙasashe ta taɓa isowa har ƙofar gidajenmu, kuma har yanzu muna zaune cikin abin da ta bari.

Zango ɗan hanya ne. Ba don hanya ba, da babu mu a nan. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Katsina da Damagaram da kanwa da gishiri da tufafi da dawaki, su nufi Keffi da Lafiya da bakin Binuwai, ta ƙasar nan suke ratsawa, kuma inda suka saba sauka nan ya zama gari, irin su Zangon Katab da Kachiya. Jama'ar Darroro kuwa tun farkon ƙarni na 19 ta zama masarauta mai kai gaisuwa Zariya. Gaskiya ɗaya ce: cikin hajar wancan zamani har da bayi, kuma da yawansu 'ya'yan mutanen duwatsun nan ne. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1827 wani saurayi Bature ɗan Ingila, Richard Lander, ya biyo wannan hanya. Maigidansa Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na shekarar, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Lander ya yi niyyar gangarawa kudu ya ga inda kogin Kwara ya nufa. Ya sauka a Katab, ya wuce har Darroro, sai ga mahaya daga Zariya sun cim masa, suka ce ya juya. Haka ya juya, ba musu. A lokacin nan Bature baƙo ne, inda sarki ya yarda nan yake takawa.

Shekara sittin ba ta cika ba al'amari ya sake. An tashi taron Barlin a watan Fabrairun 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara wa kansu ƙa'idar rabon Afirka, sai kowa ya bazama neman takardar da zai nuna wa ɗan'uwansa. Jamusawa suka shirya ayari da wasiƙu da kyaututtukan sarkinsu zuwa Sakkwato da Gwandu. Da George Goldie, mai kamfanin Ingilishi da ke ciniki a Kwara, ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya tura Joseph Thomson a guje. Thomson ya riga su, ya samu Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a watan Yunin 1885, ya koma da takarda. A rubutun Turanci, wai Sarkin Musulmi ya sallama wa kamfani haƙƙin bakin koguna, za a riƙa ba shi kaya na kimanin buhu 3,000 na wuri duk shekara. A fahimtar fada kuwa, 'yan kasuwa ne suka nemi izinin ciniki za su riƙa kawo gaisuwa, kamar yadda kowane baƙo ke yi. Su kuma Jamusawan, Paul Staudinger da Ernst Hartert, daga Loko suka taso, suka bi ta Keffi suka ratsa kudancin Zazzau zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. Sun isa, an karɓi kyauta, an yi godiya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da wannan takarda Ingila ta shiga ciniki da Faransa. A ranar 5 ga Agusta, 1890 suka ja layi daga garin Sai a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi: kudu na Ingila, arewa na Faransa, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗo ɓangaren Ingila. Firayim Ministan Ingila, Lord Salisbury, har ba'a ya yi, ya ce abin da aka bar wa Faransa irin ƙasar nan ce da manoma ke kira jigawa, yana nufin yashin Sahara. Shi ne kuma ya faɗa da bakinsa cewa sun yi ta ba juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, matsalar kawai ba su san takamaimai inda suke ba. Ko mutum ɗaya daga Sakkwato ko Kukawa ko Damagaram ba a tambaya ba.

Faransawa ba su daɗe ba suka gane an yi musu wayo. Kyaftin Monteil ya bi layin da ƙafarsa, ya iso Sakkwato a 1891 zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya wuce Kano da Kukawa, bai tarar da wata hukumar kamfanin Ingila ba. Daga nan gasa ta koma ta bindiga. A 1894 Lugga da wani hafsan Faransa, Decoeur, suka yi tseren isa Nikki a ƙasar Bargu, Lugga ya riga shi da 'yan kwanaki. A 1897 Ingila ta kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma ta damƙa wa Lugga, kuma Faransa aka kafa ta dominta tun kafin a juyo da ita kan sarakunanmu. Sojojin ɓangarorin biyu sun yi ta zaman kallon-kallo a ƙauyukan Bargu, saura ƙiris a gwabza. Da aka ga abin zai kai ga yaƙi a Turai, sai aka sake zama a ranar 14 ga Yuni, 1898. Wannan karon sai aka ɗora tsini a kan birnin Sakkwato a taswira, aka zagaya baka mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Birnin Ƙonni da Tibirin Gobir da Maraɗi duk suka faɗo kudu.

A nan gizo ke saƙa. Faransa tana son hanya daga Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Chadi don ta haɗe mulkinta na yamma da na Aljeriya da na Kwango. Hanyar da yarjejeniyar ta bar mata kuwa ba rijiyoyi, ba hatsi. Ayarin soja na Voulet da Chanoine da aka turo a 1899 sai ya yi watsi da layin ya kutso inda ruwa da rumbuna suke. Abin da suka aikata har yau ba a manta ba a Arewa da Ƙonni da Tasawa: sun yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, sun ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu suka kashe jama'a ba adadi, sun bar gawawwaki a rijiyoyi da kan itatuwa. Da Faris ta turo Kanal Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu baƙar fata suka kashe su su biyun. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga daga baya. A ranar 22 ga Afrilu, 1900 kuma rundunonin Faransa uku suka haɗu a Kusuri suka kashe Rabeh.

Duk wannan Lugga yana kallo. Ranar 1 ga Janairu, 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya zama Babban Kwamishinan wata ƙasa da mafi yawanta bai taɓa gani ba. In muka bi jerin yaƙe-yaƙensa, za mu ga sau da yawa ido ɗaya yana kan sarki, ɗayan yana kan Bature ɗan'uwansa. Ya ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya tsere gabas, can Jamusawa suka tare shi a Marwa, aka raba Adamawa biyu. A watan Agustan 1901 sojan Faransa suka biyo Fadlallah ɗan Rabeh har Gujba, cikin yankin da takarda ta ce na Ingila ne, suka kashe shi. Nan da nan Lugga ya tura runduna Bauchi da Barno a farkon 1902 kada a wayi gari a tarar da tutar Faransa. A shekarar ce suka shiga Zariya, bayan Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi agajinsu kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Agajin ya zama zama daram, shi Kwasau ɗin ma a Lakwaja ya ƙare.

Sai ga ranar 3 ga Oktoba, 1902. A Keffi, nan kudu da mu, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau, ya kashe Razdan Kyaftin Maloni a ƙofar fada, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan shi ne dalilin da aka fi karantar da mu a makaranta. Amma akwai na biyu. Kwamitin shata iyaka na Ingila da Faransa yana dab da fara aiki a arewacin Sakkwato da Katsina. Ta yaya za ka auna iyakar gonar da ba ka isa ka shiga ba, ga kuma abokin hamayya yana tsaye yana kallo? Ofishin mulkin mallaka a Landan bai so yaƙin ba, don yaƙin Afirka ta Kudu ya riga ya kwashe musu kuɗi da mutane, amma Lugga ya sa su a gaba. Da sojan da ba su kai dubu ba, mafi yawansu baƙar fata, da yawa ma masu jin Hausa, aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Allah Ya jiƙansu.

Yanzu ga inda kifi ya shigo. Ƙarfin Jamus ya fara tsorata Ingila da Faransa duka, sai suka ga gara su kashe tsofaffin rigingimunsu. A ranar 8 ga Afrilu, 1904 suka yi babban sulhu. Faransa ta sakar wa Ingila mara a Masar, Ingila ta sakar wa Faransa a Maroko. Akwai kuma wani tsohon haƙƙi da masuntan Faransa suke da shi tun 1713, na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yake cikin Kanada a yau. Faransa ta haƙura da keɓantaccen haƙƙinta a wannan gaɓa. Ladan da aka ba ta shi ne wasu 'yan tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, da kuma gyaran iyakar arewacin Sakkwato don ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Aka kammala wannan a yarjejeniyar 29 ga Mayu, 1906, sannan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi 148. Da haka Ƙonni da Tibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa. Bakatsinen Maraɗi da Bakatsinen Jibiya, ɗaya ya wayi gari yana koyon Faransanci, ɗaya Ingilishi, saboda wurin shanyar kifi a tekun da ba su taɓa jin sunansa ba. Duk wanda a zangon nan yake da dangi a Madawa ko Maraɗi da sai ya nuna takarda kafin ya je musu ta'aziyya, to asalin takardar ke nan.

Wani abin lura, da zarar an gama rabo sai abokan gaba suka zama abokan aiki. A farkon 1906 Malam Shu'aibu Ɗan Makaho ya tsero daga ƙasar Zabarma bayan ya yi wa Faransawa bore, ya shigo Satiru kusa da Sakkwato. Mutanen Satiru suka karya sojan Ingila a watan Fabrairu, a watan Maris aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa, Faransawa kuwa suna tsaron bakin iyaka. A 1917 da Kawusan ya kewaye sojan Faransa a Agadas, daga Nijeriya Ingila ta tura dakaru su taya Faransa riƙe yankin.

To mu nan fa? Mu ba a ja layi a kanmu ba, amma gaggawar ta faɗo mana ta wata fuska. Wanda ya haɗiyi ƙasa mai faɗin nan cikin shekara uku don kada wani ya riga shi, ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su riƙe ta. Baitulmalin Landan ke cike giɓin kasafin Arewa, kuma kullum ƙorafi suke yi. Mafita mai araha ita ce a mulki kowa ta hannun sarakunan da aka tarar da littafin haraji da alƙali da dogari. A Kano da Katsina wannan ya zauna daidai. A ƙasar duwatsun nan kuwa, inda ikon Zazzau da na Jama'a yake ƙarfi a wani wuri, a wani wurin amana ce kawai, a wani kuma ba a taɓa cin mutanen da yaƙi ba, sai bindigar Bature ta cike abin da dokin sarki bai iya ba. Maƙwabtanmu Bajju, waɗanda kakanninmu ke kira Kaje, aka raba su: wasu ƙarƙashin hakimin Zangon Katab a Lardin Zazzau, wasu ƙarƙashin Sarkin Jama'a, wadda take Lardin Nasarawa kafin a mayar da ita Lardin Filato a 1926. Kagoro da Marwa da Jaba kuwa aka bar su da sarakunansu. Kun ga mutane masu iyaka da juna, wani yana da nasa, wani an ɗora masa.

Ga mutumin da kakansa ya sha gudun mahara, yanzu kuma mai karɓar haraji da mai yanke masa hukunci da mai kama shi aikin tilas duk da Hausa suke masa magana. Bature yana can bariki, ba a ganinsa sai rangadi. Talakan zango mai sayar da gishiri shi ma harajin yake biya, shi ma dogarin yake tsoro, amma fuskar mulkin irin tasa ce. Tun shekarun 1940 Bajju da Atyap suke ƙorafi da bore kan wannan tsari, kuma sai a 1995 suka samu masarautunsu. Ba za mu ɗora wa Lugga jinin da aka zubar a Kafanchan a 1987, da Zangon Katab a 1992, da Zonkwa a 2011 ba. Waɗanda suka ɗauki makami 'yan ƙasa ne, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Amma wanda bai san yadda aka gina katangar ba, zai yi ta mamakin inda take tsagewa.

Ita kanta hanyar da ta haife mu sai da ta kauce. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya mutu, na jakuna ya ragu. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu mai kwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos mai kuza a Kafanchan a 1927, ya bi ta Zonkwa. Wurin da ba kowa ba ya zama mahaɗa, har fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo Kafanchan a 1933. Da yaƙin Hitila ya zo, aka ga amfanin dogon. Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta bi gwamnatin da ke ɗasawa da Jamus, Chadi ta bi Janar de Gaulle, iyakar Katsina da Maraɗi ta zama ta abokan gaba har ƙarshen 1942. Japan kuma ta ƙwace Malaya a farkon 1942, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗiban dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, zuwa haƙar kuza ta tilas, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Wasu samarin kuma jirgi ya kwashe su sai dajin Bama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan 'yanci ma ba ta sake zane ba. A yaƙin basasa Ingila da Tarayyar Sobiyet suka ba gwamnatin Legas makamai, Faransa ta tallafa wa Biyafara ta bayan gida. Shugaba Diori Hamani na Nijar, duk da ƙasarsa na cin abinci a hannun Faransa, ya tsaya tare da Nijeriya. Wannan halacci ya kamata a riƙa tunawa da shi.

Abin da muke gani yau, ga wanda ya biyo mu daga farko, ba baƙo ba ne. Ƙungiyar NATO ta taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka watse cikin Sahel, arewacin Mali ta faɗi a 2012, Faransa ta shigo da soja a 2013, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Sin tana haƙar man Agadem, ta gina matata kusa da Damagaram da bututu zuwa gaɓar Benin. Da aka yi juyin mulkin 2023, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli ta ba sojoji kwana bakwai, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita. Jihohinmu bakwai ne ke jingine da wannan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Barno. Motocin albasa da wake da dabbobi suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya da Maigatari, kuma ba a jima ba muka ji a kasuwannin nan.

Waɗanda suka yayyafa ruwa a wutar, mu lura, ba daga Faris ko Mosko ko Washintan suka zo ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka yi ta zirga-zirga. Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganin Janar Tchiani a lokacin da aka hana manyan jakadu, bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je aka yi magana da Hausa. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyaka a watan Maris.

Sai dai ɓarakar ta riga ta auku. Sojan Faransa sun fice a Disambar 2023, masu horar da soja na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurkawa sun kwashe nasu kafin ƙarshen Satumba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a Janairun 2025, Nijar ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a watan Maris. A Disambar 2024 Tchiani ya fito a talabijin da harshen Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Ana cikin wannan ja-in-ja rundunar sojan Nijeriya ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta shigowarsu da raunin sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bindigar da ta ƙetaro ta Illela ko Jibiya kuwa ba a can take tsayawa ba. Dajin Zamfara ya haɗe da na Birnin Gwari, na Birnin Gwari ya haɗe da na Kachiya da Kauru, kusan sawun da ayarin kanwa yake bi a da, kuma in ta iso ba ta tambayar wane ne Bajju wane ne ɗan zango.

A halin da ake ciki, ana shimfiɗa sabon layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin ƙasar Fotugal ke yi. Tsohon layin da ya bi ta Zonkwa ya gina Kafanchan kuwa, ciyawa ta rufe shi a wurare da dama, yaran da aka haifa shekarun nan da yawansu ba su taɓa jin kukan jirgi a tashar ba.